Mutuwa ta Takwas

Sau bakwai kin mutu a gabanmu, Dona Marluce,
sau bakwai muka jiƙa gefen riga da hawaye,
wata uku ba su cika ba sai ga ki
da sabon suna, da sabon gashi,
kina yi wa wani sabon ɗa faɗa.
Shi ya sa da rediyon mai burodi ya faɗa da safen nan
ko kwandona ban ajiye ba.
Na ce, to, mu ga wa za ta zama kuma.

Sai da Valdemir, direban bas ɗin Casa Amarela,
ya tsaya inda babu tasha,
ya cire hula, ya kifa goshi a kan sitiyari,
mutum arba'in a bayansa ba mai cewa uffan,
sannan jikina ya yi sanyi.

Ina 'yar shekara tara kika shigo gidanmu.
Baba ya ɗauko ki a ka, bashi ya ci,
akwati mai ƙafa huɗu, fari da baƙi.
Ni ce mai riƙon eriya.
A naɗa mata soson ƙarfe a baki,
in tsaya hannu a sama kamar mai rantsuwa
don kada fuskarki ta koma yayyafi.
Ta gefe na kalli rabin rayuwarki.
Har yau kunnenki na hagu na fi sani.

Ƙarfe takwas Recife kan yi tsit.
Tukunyar wake nawa ta ƙone saboda ke?
Mama da maƙwabciyarmu Zefinha
shekara biyu ba sa ga maciji a kan igiyar shanya.
Daren da kika mari attajirin rake
ta taga suka leƙo a tare: "Ya yi daidai!"
Washegari ga kwanon kunun masara a ƙofarmu.

Kin yi mai wanki, kin yi matar gwamna,
kin yi surukar da muka tsine wa wata takwas cur,
har wata ta jefe ki da tumatir a titi.
Aka ce kin ɗauka, kin latsa,
kin ce bai nuna ba.

Sau ɗaya na gan ki ido da ido,
kasuwar São José, layin masu kifi.
Ashe 'yar firit ce ke,
tabarau ɗaure da zare, takalmi ya ci gefe,
kina taya kifi kamar kowa.
Maganar shekara talatin na tanada miki,
bakina ya buɗe ya ce,
"Kifin nan na jiya ne."
Kika ce, "Ni ma ta jiya ce, 'yata."
Kika saya.

Shekarar da Mama ta manta sunana
ba ta manta naki ba.
Takwas saura kwata sai ta nemi mataji,
wai kada ki same ta a hargitse.
Ta gaishe ki, ta jira, ta gyaɗa kai,
ban san me kike ce mata ba.
Da muka rufe ta, na dawo gida ba kowa,
ke kika yi magana a ɗakin,
kina yi wa wani faɗa ya ci abinci.
Na tashi na ci.

Yanzu ruwa ake yi, kogin Capibaribe ya kawo,
jikata na nuna min ke a waya, ƙarama kamar kan sarki.
Sun ce yau za su maimaita na farko.
Tsohon akwatin na nan bayan keken ɗinki,
ba ya kama komai sai yayyafi.
Na kunna shi duk da haka.
Waken na kan wuta, na ji ya fara kamawa.
A bar shi.
Hannuna na sama, Dona Marluce,
kafaɗar ce kawai ba ta da ba ce.